Ba Za a Saki Tsuntsayen Kawu Ba

Kawu ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, a ɗakinsa na unguwar Maamobi, a nan birnin Ankara, yana kishingiɗe bayan ya sha kokonsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa, kafin magariba an kafa rumfuna a bakin layi an jera kujerun roba, kamar yadda muka saba. Ni 'yar ƙanwarsa ce. A gidan nan aka haife ni, a nan na girma har na yi aure na koma Kotobabi. A kwanakin zaman makoki ina cikin masu kai ruwa da goro, daga rumfar maza zuwa tsakar gidan mata, don haka kunnena ya kwashi maganganu.

Babu wanda ya zage shi. Kowa ya shaida mutum ne mai sallah a kan lokaci, wanda abin hannunsa bai rufe masa ido ba. Amma kusan duk wanda ya yabe shi sai ya ɗora wata 'yar jela a ƙarshen yabon. Wata hajiya daga Kanda ta riƙe hannun Inna, wato mahaifiyata, ta ce, "Allah ya jiƙan Baba Mai Tsuntsu. Mutumin kirki ne, sai dai kin san halin tsufa." Ta kai yatsa ta taɓa gefen kanta. Wani dattijo daga Nima ya ce wa na kusa da shi, yana murmushi, "Rabin rayuwarsa a gardamar baƙaƙen tsuntsaye ta ƙare. Kowa da irin jarrabawarsa."

Ana cikin haka, ranar addu'ar uku, sai aka ji tarin Kawu daga sama. Tarin nan nasa na safe, mai biyu a jere da gyaran murya a bayansa. Wata mata ta zubar da kofin ruwan da ke hannunta. Ɗaya daga cikin tsuntsayen da yake kiwo a saman ɗaki ne, wanda ya daɗe yana kwaikwayonsa. Inna ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ban sani ba ko kuka take ko dariya.

A ranar ne limamin unguwa ya kawo shawara, da kyakkyawar niyya. Ya ce tunda marigayi ya bar dabbobi a tsare, a sake su ranar arba'in, su tashi, ladan ya kai gare shi. Jama'a suka ce madalla. Babban ɗan Kawu, wanda nake kira Yaya, ya zo daga Kumasi inda yake sana'ar kayan mota, shi ma ya gyaɗa kai.

Ni ban gyaɗa ba. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. Ban yarda a tuna da Kawu a matsayin tsohon da kansa ya juye ba, kuma ban yarda a yi masa sadaka da abin da ya hana da bakinsa ba.

Kawu kuku ne a jirgin ruwan dakon kaya da ke tashi daga Tema. Yana saurayi ya shiga aikin, ya ga garuruwan da mu sai a bakinsa muka ji sunansu: Kalkata, Singafo, Honkon. Abokan aikinsa rediyo suke dawowa da shi, da agogo, da yadi. Shi kuwa tsuntsaye. Kowace tafiya biyu ko uku, a ɗan keji na gora, yana ba su ragowar shinkafa da gwanda a ɗakin girkin jirgi. A lokacin ba a tsananta bincike kamar yanzu ba. Akwai ɗaki ɗaya a gidanmu da aka zuba wa kankare a sama don a ɗora bene, benen bai taɓa tashi ba. A nan ya gina musu ɗakuna na katako da ragar waya. Na farkon sun mutu tuntuni, waɗanda ke nan yau jikoki ne da tattaɓa kunne.

In ka hango su daga nesa, duk ɗaya ne. Baƙaƙe ne, girmansu bai kai na kurciya ba, suna da farin tabo a fiffike wanda sai sun buɗe shi ake gani sosai, kowanne kuma da ɗan tukku a goshi, daidai inda baki ya fara. Mutanen unguwa suna ce musu shaya, don sun yi kama da shayar da muka sani. Kawu ba ya barin wannan ta wuce.

"Dangin shaya ne, amma ba shaya ba ne," yake cewa. "Kuma su kansu ba iri ɗaya ba ne. Iri uku ne."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Tun ina budurwa yake jan ni sama in na kawo masa ruwan wanke ɗakunan. "Uwata, tsaya nan. Kada ki kalli baƙin jikin, kowa na iya ganin baƙi. Kalli baki, sannan ki kalli ido." Na ɗakin farko bakinsu fari-fari ne kamar hauren giwa, idonsu ruwan goro, tukkunsu a tsaye kamar sun yi fushi. Daga Honkon ya kawo su. Na ɗaki na biyu bakinsu rawaya ne tas, jikinsu ya ɗan yi toka-toka, tukkunsu gajere. Waɗannan na Singafo ne. Na ɗaki na uku kuwa sai ka matso kafin ka ga bambancin: bakin ya fi ja, gindinsa ya yi shuɗi-shuɗi, bayansu ya karkata zuwa ruwan ƙasa. Su ne na Kalkata.

Ba ya haɗa su, ko da na rabin yini ne. In zai wanke ɗaki ɗaya sai ya kwashe mazaunansa a keji daban. Matarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce ko asibiti ba a raba marasa lafiya haka.

Yana da magana ɗaya da yake yawan maimaitawa: "Wanda ya ce duk ɗaya ne, gajiya ya yi da kallo." Ba a kan tsuntsu kaɗai yake faɗinta ba. Yana faɗinta in mai shago ya ce masa duk shinkafa shinkafa ce, ko in wani ya ce duk 'yan zamani marasa kunya ne.

Babban abokin gardamarsa shi ne amininsa, tsohon direban babbar mota, wanda mu yaran gida muke kira Baba Direba. Tare suka tashi a Nima. Kowace la'asar suna haɗuwa a bencin mai shayi na bakin gota, wato babbar kwatar unguwa, kuma ba a taɓa tashi ba tare da an taɓo maganar ba. Baba Direba ya tsaya a kan cewa iri ɗaya ne, ruwa da abincin garuruwa ne suka sauya musu kala.

"Kuku, kai ma da ka daɗe a teku ai ka yi fari," yake cewa. "Ka dawo Maamobi ka koma baƙinka. An ce ka zama wani iri?"

"Direba, bakina ya yi shuɗi?"

"Bai yi ba, amma ya yi tsawo."

Haka suke yi, jama'a na dariya. Hujjar da Kawu ya fi dogara da ita ita ce, da iri ɗaya ne da sun nemi juna. Ya rantse ko ka haɗa na Singafo da na Kalkata shekara guda, ba za su yi sheƙa tare ba.

Sai wata damina iska ta ɓalle katakon da ya raba ɗaki na biyu da na uku. Kawu yana kwance da zazzaɓi a lokacin, bai hau sama ba sai bayan ya warware. Ya gyara katakon, ya mayar da kowa wurinsa, amma aikin gama ya gama. Wata macen ɗaki na uku ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan suka girma da rawayan bakin ɗaki na biyu da ɗan duhu a gindinsa, jikinsu kuma ba na nan ba, ba na can ba.

Babu wanda ya sani sai ni da shi. Na ce masa, "Kawu, ai ba sai an ji ba."

Ya dube ni kamar na ce ya yi sata. Washegari da la'asar ya sa 'ya'yan a keji ya sauka da su, ya ratsa layi har bencin mai shayi, ya ajiye a gaban Baba Direba.

"Na ce ba sa haihuwa da juna," in ji shi. "Ga su nan. Na yi kuskure."

Baba Direba ya miƙe yana tafi. "To, jama'a ku shaida. Iri ɗaya ne."

"Zauna. Kuskure ɗaya na yi, ban yi biyu ba. Doki da jaki ma suna haifar alfadari, ban ji ka taɓa kiran jaki doki ba."

Da a nan aka tsaya da lafiya. Amma Baba Direba, da ya ga nasara tana zame masa, sai ya faɗi abin da ba na wasa ba. Ya ce, "Da rabin kallon da kake yi wa bakin tsuntsu ka yi wa fuskar ɗanka, da bai gudu Kumasi ba."

Kawu ya ɗauki kejinsa ya dawo gida. Daga ranar ya daina zuwa bencin. In sun haɗu a masallaci sai sallama kawai. Azumi ya zo ya wuce a haka, Inna ta yi magana har ta gaji. Abin da ya fi damun Kawu, kamar yadda na fahimta, shi ne maganar ba ƙarya ba ce gaba ɗayanta. Yaya ya sha tsokana yana yaro, ana ce masa ɗan Mai Tsuntsu, ɗan mahaukaci. Uban yana teku wata da watanni, in ya dawo kuma sama yake fara hawa kafin ya tambayi karatun yara. Ba zan ɓoye wannan don ina yabonsa ba. Shi ma bai ɓoye ba.

Wata safiya sai ga Baba Direba a tsakar gida da buhun gwanda da ta nuna ta wuce sayarwa. Bai ba da haƙuri ba. Ya ɗaga kai ya ce, "Kuku, tsuntsayenka iri ɗaya suna cin wannan?"

Daga sama Kawu ya ce, "Iri ukun duk suna ci. Hawo."

Su kuwa 'ya'yan haɗin nan, ya gina musu ɗaki na huɗu. Da na tambaye shi sunan wane gari zai ba su, ya ce, "Wannan ɗakin sunansa Ban-sani-ba. Kowane gida ya kamata a samu irinsa."

Bayan na samu babbar waya, na ɗauki hotonsu na bincika. Na gano ana kiran danginsu maina, kuma masana da kansu sun daɗe suna ja-in-ja a kan masu tukkun nan: wasu sun haɗa waɗansu daga cikinsu a iri ɗaya, wasu sun raba. Na karanta masa ina fassarawa. Ya yi dariya har ya yi tari.

"Ashe ba ni kaɗai ne mahaukaci ba. Akwai Direba a cikinsu, akwai Kuku."

Sai na nuna masa akwai waɗansu da bai taɓa gani ba, har da wani mai farin zobe a wuya. Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo, yana matsar da ita kusa da ido. Ya ce, "Na zaci na gama ƙirga su. Allah ya fi mu yawan aiki."

Akwai wata tsohuwa 'yar ƙabilar Ga da ke sayar da dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, da soyayyen kifi a bayan gidanmu, muna ce mata Anti. Kirista ce, Hausarta irin ta zango, wato unguwannin Hausawa na ƙasar nan, ba ruwanta da namiji ko mace a magana. Da mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk suna nesa, ta daina fitowa da tukunya, ta daina amsa gaisuwa. Kawu bai je ya yi mata wa'azin haƙuri ba. Ya zaɓi ɗaya daga cikin masu farin baki, wanda ya fi kowa kama magana, ya yi ta koya masa gaisuwar safiya ta Ga. Da ya iya, ya kai mata shi ya rataye a ƙofar ɗakinta, ya ce wurinsa ya cika, ta taimaka ta riƙe masa. Kowace safiya tsuntsun nan ya ce "Ojekoo" da muryar Kawu. Dole ta tashi ta ba shi ruwa, dole ta fita neman gwanda. Kafin wata ya zagayo hayaƙi ya sake tashi a bayan gida. Ranar rasuwarsa ta zo ta zauna a cikinmu, ta ce da Inna, "Yayanki ya san ni ba ya so tausayi, shi ya sa ya yi mini ƙarya." Tsuntsun yana wurinta har yau.

Maganar saki kuwa ba sabuwa ba ce. An sha kawo masa ita yana raye, kuma amsarsa ba ta taɓa sauyawa ba. Ya ce a Singafo masu rawayan bakin nan su ma baƙi ne, a keji aka kai su, suka fita suka cika gari, suka ƙwace ramukan sheƙa da abincin tsuntsayen da suka tarar. Da idonsa ya ga suna ƙaruwa tafiya bayan tafiya.

"In kuka sake su a nan, ɗayan biyu ne," in ji shi. "Ko shaho da yaran unguwa su gama da su a mako, ko su rayu su yi yawa su kori namu. Ni na ɗauko su daga ƙasarsu da ƙuruciya da rashin sani. Wannan nauyi ne a kaina. Ba zan sauke shi a kan Ankara ba."

Wata rana Baba Direba ya so ya mayar da maganar wasa, ya ce ai mu ma mutanen zango haka ake ce mana, baƙi masu yawa. Kawu ya haɗe fuska. Shi ne mutumin da, lokacin da aka kori baƙi daga ƙasar nan yana saurayi, ya ƙi hawa mota, ya ce a nuna masa garin da za a mayar da shi in ba Nima ba. Ya ce, "Kada ka haɗa ni da tsuntsu. Tsuntsu tsuntsu ne. Ni a nan aka binne cibiyata."

Bayan addu'ar bakwai aka yi zaman iyali a ɗakin Kawu. Liman yana nan, Baba Direba yana nan a matsayin amini, Inna tana gefe. Yaya ya ce an gama magana, ranar arba'in za a buɗe ɗakunan, daga baya ya ɗora benen da aka daɗe ana jira. Ba a tambayi ra'ayina ba. Na yi gyaran murya.

"Allah gafarta Malam, ba za a sake su ba."

Yaya ya juyo. "Ke da wa?"

"Ni da mai su. Ya hana, kuma ya faɗi dalili." Na maimaita dalilin kamar yadda na ji shi.

Yaya ya ce, "Tun ina yaro tsuntsayen nan suke gabana a gidan nan. Yau ma da ya mutu su ne a gaba?" Babu wanda ya iya kallonsa.

Liman mutum ne mai adalci. Ya ce shi shawara ya kawo, ba hukunci ba, kuma in marigayi ya bar magana a kai, a kawo wanda ya ji ban da ni. Duk muka dubi Baba Direba. Ya daɗe yana juya hularsa a gwiwa.

"Ya faɗa," in ji shi. "Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Ni har gobe iri ɗaya ne a wurina, kuma in na riske shi zan gaya masa. Amma ya ce kada a saki, kuma a kan wannan yana da gaskiya."

Yaya ya miƙe. Ya ce in haka ne in kwashe su kafin arba'in, ba ya son ya sake jin tarin nan a gidan. Na ce na ji. Mijina ya yarda a gina musu wuri a bayan shagon ɗinkina a Kotobabi. Maƙwabta sun riga sun fara kirana Mai Tsuntsu, ina amsawa.

Ranar kwasa na kawo keji huɗu da babur mai ƙafa uku na dakon kaya. Aikin ya fi ƙarfina. Tsuntsayen sun firgita, suna ta bugun raga, kuma idona ba na Kawu ba ne. Ɗaya ya kufce daga hannuna zuwa ɗakin da ke kusa, na bi shi na kamo wanda nake zaton shi ne, na nufi kejin na Singafo da shi.

"Ba na nan ba ne."

Yaya ne a bakin matakala. Ban ji hawowarsa ba. Rabonsa da saman nan tun kafin ya bar gida.

Na ce, "Bakinsa rawaya ne."

"Juya shi wajen haske. Dubi gindin bakin." Ya matso ya karɓe shi daga hannuna, ya riƙe shi yadda ake riƙewa, kai tsakanin yatsu biyu, fikafikai a tafin hannu. "Na Kalkata ne. Wanda kike nema ga shi can a lungu."

Na tsaya ina kallonsa. Ya kawar da kai.

"Ni ya fara koya wa," in ji shi. "Kafin a haife ki."

Shi ya kama sauran, ɗaya bayan ɗaya, bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Shi ya sauko da kejin, ya ɗaure su a bayan babur, ya rufe su da tsohon zanen mahaifiyarsa don kada rana ta dake su. Da direban ya tayar da inji, na zaci zai koma ciki. Sai ya hau ya zauna a tsakanin kejin, ya dafa biyu da hannuwansa, ya ce wa direban ya bi a hankali wajen ramukan nan na bakin gota.

Haka muka ratsa Maamobi, mutane suna leƙowa daga shaguna. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Ɗan Mai Tsuntsu, ina zuwa?" Yaya ya dube shi ido cikin ido ya ce, "Ni ne. Ba mu hanya."

Allah ka jiƙan bawanka da ya kalli halittarka da kyau bai gaji ba. Ka yafe masa abin da ya gaza a kai, ka haskaka kabarinsa, ka ba mu da muka rage haƙurin rashinsa. Amin.